Mukullin Ɗakin Gilashi

Laraba, 9 ga Yuli, bayan La'asar

Na dawo daga makaranta da wuri. Ban ci abinci ba. Mukullin ɗakin gilashi yana aljihun jamfata, kuma nan zai zauna.

Bari in rubuta, ko don wanda zai buɗe littafin nan bayan raina: jami'ar nan ni na gina ta. Ni Ashiru ɗan Gama, wanda ya fara da gyaran rediyo a rumfar kwano, ya koma fotokofi, ya koma sayar da kwamfuta tun lokacin da mutane ke tuɓe takalmi kafin su shiga ɗakin da take. A aji biyar na sakandare na tsaya. Yau farfesoshi ke miƙewa in na shigo. Ba alfahari ba ne, abin da ya faru ne.

An zauna taro kan maganar Nabiha. 'Yata ce, ita ce kuma shugabar sashen kwamfuta, ni na tura ta Malesiya ta karanto. Ta ce sabobin da ke ɗakin gilashi, wato manyan injunan da ke riƙe da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da laburare, duk sun tsufa. Ta ce za ta kwashe su ta zuba cikin sababbin injuna uku a wani ƙaramin ɗaki. Na ce ta yaya ɗaki guda cike da ƙarfe zai shiga akwati uku? Ta ce kamar gidan haya ne: gini ɗaya, ɗakuna da yawa, kowace saba da ɗakinta, kowace tana tsammanin ita kaɗai ce a gidan. Ta ce kuma manhajar da za ta ɗora, Linuks da 'yan'uwanta, ba ta da mai ita. Kowa na iya buɗe cikinta ya duba, ya gyara.

Na ce, "Abin da ba shi da mai shi, in ya lalace wa zan kira in zaga?"

Ta ce, "Ni, Abba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Har nan lafiya lau.

Sai aka zo kan laburare.

Ban faɗi abin da ba gaskiya ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Nabiha ba ta biyo gaisuwa ba. Kullum kafin ta wuce ofis sai ta biyo.

Alhamis, bayan Magariba

Su ba su san mece ce na'urar laburaren nan ba. Lamba suke gani a jikin ƙarfe.

Da matata Hasiya ta rasu, kowa ya zo da shawararsa. Wannan ya ce a haƙa mata rijiya, wancan ya ce masallaci. Unguwar nan kowane gida da burtsatsensa, masallatai kuwa kiran sallarsu har karo yake da juna. Hasiya malamar firamare ce, ta tsufa da alli a hannu. Littafi take so. Sai na ce ita rijiyarta ta littafi ce. Na yi odar saba mafi ƙarfi da ake samu a lokacin, aka zuba mata littattafai da kundayen ɗalibai, aka buga farantin tagulla a goshinta: HASIYA, SADAKA MAI GUDANA. Ranar addu'ar arba'in aka kunna ta. Da ɗan yatsana na danna, koriyar fitila ta kama.

Tun daga ranar ba ta taɓa mutuwa ba. Na yi mata inbata mai ajiye wuta nata ita kaɗai, da ƙaramin janareta nata ita kaɗai. Na kafa doka: a kashe komai, a gyara komai, ban da ita. Injiniyoyi sun zo sun tafi, kowa ya ce a bari ya kashe ta na ɗan lokaci ya sabunta cikinta, na ce a sabunta waninta. Duk baƙon da ya zo makaranta nan nake fara kai shi, ya tsaya bayan gilashi ya ga fitilar.

Yanzu a ce mini za a mai da ita 'yar haya a ɗaki ɗaya cikin akwatin da babu sunan kowa. A kashe ta. Kuma daga bakin wa.

Asabar, 12 ga Yuli, da Azahar

Yaya Tani ta zo daga Gama a adaidaita, ta ƙi bari in aika Musa direba ya ɗauko ta. Yara Gwaggo suke ce mata, ni ma bakina ya bi. Ko zama ba ta yi ba.

"Ashiru, da gaske ne?"

Na ce wane ne da gaske.

"A gaban ma'aikatanta? A gaban maza masu gemu ka ce mata wadda ba ta ga gawar uwarta ba, ba za ta san zafin kashe ta sau biyu ba?"

Na ce Gwaggo ki zauna a kawo miki fura.

"Ba na sha. Wa ya tura ta ƙasar? Ƙafarta ce ta kai ta? Yarinya ta kwana a filin jirgi tana kuka, ta sauka an riga an rufe uwarta, yanzu kuma ka ɗauko ka soka mata?"

Na ce maganar aiki ce, ba za ki gane ba.

"Ni ba zan gane ba. Ni da na wanke maka kashi. Kai dai tun kana gyaran rediyo, in ka ɗaure abu da waya ba ka yarda kowa ya taɓa."

Ta sha furar daga baya. Ta tafi da ragowar ma a jarka. Amma a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ƙarfe kake gadi, ɗan'uwana."

Mukullin yana nan.

Litinin, 14 ga Yuli, da hantsi

Na shiga ɗakin ni kaɗai. Sanyin na'ura ya buge ni kamar kullum. Sauran sabobin duk an cire musu aiki, suna tsaye kawai. An ce cikin kwanakin nan Nabiha ta gama kwashe su ta waya, daga can sabon ɗakinta. Rajista tana can, sakamako yana can. Ba wanda ya zo ya nemi mukulli a wurina. Na yi zaton za a zo.

Hasiya tana ci. Amma akwai wani sauti a cikinta, ƙas, ƙas, kamar tsakuwa a gwangwani. Ni da na girma da kunne a jikin inji, ba sai an gaya mini ba. Fanka ce, ko faifan ajiya.

Fanka ce.

Na goge tagullar da hannun rigata.

Talata, 15 ga Yuli, bayan Asuba

Na juya na juya. Ruwa ya ƙi sauka, gari ya yi nauyi.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan La'asar

Shugaban jami'a ya zo gida da kansa. Mutum ne mai ladabi, ni na ɗauko shi, ba ni da abin cewa a kansa. Ya zauna a gefen kujera yana juya kofin shayi. Ya yabi sababbin injunan. Ya ce rajistar da ke sa yara layi har bakin titi, jiya a waya suka yi ta daga ɗakunansu. Na ce madalla. Ya ce in inji ɗaya ya faɗi, 'yan hayar cikinsa da kansu suke tashi su koma na kusa, ba wanda zai ma lura. Na ce madalla.

Sai ya ajiye kofin ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya Nabiha ta ce ƙarshen wata za ta ajiye aiki."

Na tambaye shi ko an gyara yoyon rufin ɗakin taro.

Ya ce an gyara.

Bayan ya tafi na zagaya gidan. Na duba mangwaro, na duba tankin ruwa, na yi wa mai lambu faɗa a kan ciyawar da ban ma gani ba. Gidan nan ya yi girma. Da ban lura ba.

Ta ajiye mana. Wa ta yi wa? Masu digiri sun ƙare a Kano ne?

Alhamis, 17 ga Yuli, da Azahar

Na ɗauki waya na ajiye. Babba ba ya kiran ƙarami.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na tsayar da Malam Mustafa limaminmu a gindin darbejiya. Ban ce ni ba ne. Na ce wani abokina ne ya yi wa mamacinsa sadaka mai gudana da wani inji, yanzu ana so a kashe injin a mai da aikinsa cikin wani. Ladan zai bi aikin ne, ko zai tsaya a ƙarfen?

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Alhaji, abokin naka ya yi sadaka da ƙarfe ne ko da amfani?"

Na ce da duka biyun.

Ya yi murmushi. Ya ce shi a iya saninsa, abin da ke gudana shi ne amfanin da bayin Allah ke samu, sauran kuwa Allah ne masani. Ya ce, "Ka gaya masa ya je ya duba ko ana sha a rijiyar tasa. In ana sha, ya kwantar da hankalinsa."

Na ce ana sha mana. Dubban ɗalibai.

Ya ce to alhamdu lillahi. Ya ce in gai da abokin nawa, in kuma gai da Nabiha.

Malamai ma sun iya gulma.

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Ruwa ya sauka da iska da tsawa. Aka ɗauke wuta. Ban jira Musa ba, na ja mota da kaina, titin duk ya zama kogi. Na isa makaranta jiƙe sharkaf. Mai gadi ya bi ni da lema ina ce masa ya koma.

Inbata ya riƙe. Tana ci.

Sai dai a gefen koriyar akwai wata fitila ruwan lemo da ban taɓa gani ba. Tana ƙiftawa. Na tsaya ina kallonta har rigata ta fara bushewa a jikina. Da wani injin ne da tuni na kwance shi. Wannan hannuna ya ƙi.

Ba fanka ba ce.

Litinin, 21 ga Yuli, da hantsi

Mura. Na sha citta. Ba wanda ya kira.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Ban san abin da ya kai ni ba. Maganar Malam ce ta tsaya mini a wuya. Na sa tsohon kaftani, ban sa babbar riga ba, na ce Musa ya sauke ni a ƙofar baya. Na shiga laburare. Rabona da cikinsa tun ranar da aka yanke ƙyalle. Kullum ɗakin gilashi nake tsayawa.

Na zauna a wata kwamfuta kusa da wata yarinya mai hijabi ruwan toka. Na danna inda aka rubuta Laburaren Hasiya. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a allo. Na jira. Yana juyawa. Na sake dannawa.

Yarinyar ta leƙo. Ta ce, "Baba, ɗanka kake nema wa littafi?"

Na ce eh.

"Kar ka wahalar da kanka. Wannan ai ba ya buɗuwa."

Na ce wataƙila yau ne, saboda ruwan da aka yi.

Ta yi dariya, ta rufe baki. "Wallahi Baba tun ina aji ɗaya haka na same shi, ga shi ina aji uku. In ka ci sa'a ya buɗe, kafin littafi ya sauko an tashi. A waya kuwa cewa take shafin ba shi da tsaro, ta ƙi shiga. Mu dai a junanmu muke tura littattafai. Wane fanni yake? In ina da shi in tura masa."

Na tambayi sunanta. Ta ce Suhaila, tana karatun haɗa magunguna. Na ce ba wanda ya kai ƙara? Ta ce an kai, an gaji. "An ce mai makarantar ne ya hana a taɓa injin. Wai na matarsa ne da ta rasu. Allah sarki. Mu har addu'a muke mata in ya ƙi buɗuwa, mu ce Hajiya Hasiya yau ma tana hutawa."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da da mugunta ne da na san abin yi.

Zoben yana ta juyawa har na tashi.

Talata, bayan Magariba

Tun tana aji ɗaya.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Ban fita ba. Na ce a gaya wa kowa mura ce.

An sha gaya mini, in za a bi gaskiya. Da Turanci aka gaya mini, da zane-zane a allo, da kalmomin da ke shiga ta nan su fita ta can. Ba wanda ya dube ni ya ce Alhaji ba kowa a rijiyarka. Nabiha ma ba ta ce ba. A taron nan tana iya faɗa, a gaban kowa, ta rufe mini baki. Na ga ta buɗe baki ta mayar. Na ɗauka ba ta da amsa ne.

Na ciro mukullin na ajiye a kan tebur. Na mai da shi aljihu. Na sake cirowa.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan La'asar

Na je Gawuna, gidan Nabiha. Mijinta ne ya buɗe ƙofa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce bari ya leƙa masallaci, alhali an daɗe da idarwa. Yaron kirki.

Ta fito da mayafi. Ta gaishe ni yadda ake gai da baƙo: ina wuni, ya gajiya, ya ruwa. Ta kawo lemo. Ta zauna a ƙasa nesa da ni, idonta a kan darduma.

Na ce na zo wucewa ne.

Ta ce, "Sannu da hanya."

Na ajiye mukullin a kan darduma tsakaninmu. Ta dube shi, ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Abba, littattafan na daɗe da kwafe su. Da ka ji ƙarar nan, ni ma ina ganinta daga allona. Sabuwar tana nan a shirye, da sunanta da komai. Sai dai suna ɗaya ne, adireshi ɗaya ne. Muddin tsohuwar tana kunne, ita za ta riƙa amsa sallama."

Na ce to ga mukulli.

"Ba na bukatarsa. Daga nan inda nake zaune ina iya kashe ta. Layi ɗaya zan rubuta."

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar da na kama aiki."

Na ce me ya hana ki?

Sai a nan ta ɗago. Idon Hasiya ne sak, har yadda yake ja ta gefe kafin hawaye. Ta ce, "Ban ga tafiyarta ta farko ba. Ba zan yi wannan a bayan idonka ba."

Na ɗauki lemon na kurɓa, na ajiye. Na ce wannan lemon ya yi sanyi da yawa, ga ni da mura. Ta tashi ta kawo ruwan ɗumi. Da ta miƙo na riƙe kofin, na riƙe hannun ma. Na ce, "Uwata." Sunan da nake kiranta da shi tana ƙarama. Sauran maganar ba ta rubutuwa.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Mu uku muka shiga: ni, ita, da Gwaggo, wadda ta ce ba za a yi ba ita ba, ta zo da bargo don an ce mata ɗakin da sanyi. Ta dubi injin sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne? Duk rigimar nan a kan firij?"

Nabiha ta buɗe kwamfutarta a kan kujera, ta nuna mini wani layi a allo cikin layuka da yawa. An rubuta hasiya, da ƙananan baƙaƙe, da ɗigo fari a gefe. Ta ce in waccan ta kwanta, wannan ɗigon zai koma kore.

Na ce ita ma in ta tsufa fa?

Ta ce, "Sai ta tashi ta koma sabon gida, ba tare da ta rufe ido ba. Shi ne amfanin abin, Abba."

Muka karanta Fatiha. Na sa ɗan yatsa a kan maɓallin, wanda na danna ranar arba'in. Na daɗe a haka. Ba wanda ya ce in yi sauri, har Gwaggo. Sai na ce wa Nabiha ta kawo nata. Ta ɗora a kan nawa.

Ban san ɗakin yana da ƙara haka ba sai da ta tsaya.

Gwaggo ta ja hanci cikin bargo ta ce sanyi ne. Nabiha ta juyo mini da allon. Ban duba ba tukuna. Na ciro sukuddireba daga aljihu, na kwance farantin tagullar da kaina. Wannan aikin dai ba wanda zai koya mini.

Asabar, bayan Magariba

Ƙarfen yana ɗakina. Musa ya ce a sa a but ɗin mota, na ce a kujerar baya.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan Azahar

Nabiha ta biyo da safe. Ta ci ƙosai biyu a tsaye, ta ce ta makara. Ba a yi maganar ƙarshen wata ba.

Na sake sa tsohon kaftanin, na koma laburare. Tagullar na sa an buga ta a ƙofar laburare, daidai tsayin ido, ba bayan gilashi ba.

Suhaila tana wurinta na ranar. Da ta gan ni ta ce, "Baba! Zo ka gani, zo ka gani. Hajiya ta farka."

Ta danna. Kafin in gyara zama littafi ya buɗe, shafi cike da zanen ƙwayoyin magani. Ta danna wani, ya buɗe. Na bayanta ya ce ta matsa masa, ta ce ya buɗe a wayarsa mana, ai yanzu yana shiga. Na ga kawuna suna sunkuyawa layi-layi har ƙarshen ɗakin.

Ta ce, "Wane littafi ɗan naka yake so? Yanzu sai mu samo masa."

Na ce 'ya ce, kuma ta riga ta samu.

Ta koma karatunta, ta manta da ni. Na zauna a nan har aka kira La'asar. Hannuna yana ta komawa aljihu, ba komai a ciki.